Daga Ina Baƙaƙenmu Suka Fito?

 Yau tarihi za mu taɓa, tarihin waɗannan ƴan baƙaƙe da kuke koyo da dare bayan an taso daga gona. Sau da yawa ɗalibi yakan tambayi malaminsa: wa ya ƙago su? Me ya sa na makarantar allo suke tafiya daga dama zuwa hagu, waɗannan kuwa daga hagu zuwa dama? Wane ne na gaskiya? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma doguwa ce. Ku gyara zama.

Wanda ya shiga kasuwar Bonkuku zai ji harsuna huɗu: Zabarmanci, Hausa, Tamajak da Fulatanci. Rubutu kuwa iri uku ƙasarmu ta sani. Akwai tifinar na Abzinawa, akwai ajami na malamai, akwai boko. Kowane da hanyar da ya biyo ya iso Dallol Boso.

Rubutun da ake yi bisa rairayi

Tifinar ya girmi sauran a wannan yanki namu. Abzinawan Nijar suna ce masa shifinar. Asalinsa daga arewacin Afirka yake, inda kakannin Abzinawa suke sassaƙa shi jikin duwatsu. A wani tsohon gari mai suna Dugga, cikin ƙasar Tunusiya, an tarar da dutse mai ɗauke da kakan wannan rubutu. An sassaƙa shi wajen shekara 138 kafin haihuwar Annabi Isa. Ku lissafa ku gani, ya haura shekara 2100. A duwatsun Abzin ma, har yau matafiyi yana iske shi kusa da zanen raƙuma da raƙuman dawa.

Baƙaƙensa ba su da wuyar zanawa. Sanda ɗaya tsaye ita ce n. Sanda biyu l ke nan. Da'ira ita ce r, da'ira mai ɗigo a ciki s. Sanda biyu da suka gitta juna t ce. Wasula kuwa ba a cika rubuta su ba, sai ɗigo guda a ƙarshen kalma. Mai karatu shi zai cika sauran da kansa, kamar yadda makiyayi yake ganin sawu ya gane dabbar da ta wuce. Ana iya farawa daga dama, ko daga hagu, ko ma daga ƙasa a yi sama.

Tifinar bai taɓa samun makaranta ba a zamanin da, bai kuma samu sarki da ya tilasta shi ba. Uwa ce take koya wa ɗanta da yatsa bisa rairayi. Da shi ake aika ɗan gajeren saƙo, maƙeri ya sa sunansa jikin abin da ya ƙera, saurayi ya rubuta wa budurwa abin da ba ya so kowa ya ji. Manyan littattafai ba da shi aka yi su ba. A nan Imanan, Abzinawa sun sauka sun zauna wuri guda, sun kama noma, sun cuɗanya da Zabarmawa da Kurfayawa, don haka ba kowane gida ya riƙe shi ba. Amma bai mutu ba. A 2003 ƙasar Maroko ta ɗauki wani sabon salonsa, mai wasula, ta sa ana koyar da shi a makarantun gwamnati.

Ajami

Baƙaƙen Larabci tare da Musulunci suka zo. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wajen shekara 650 da suka wuce, Wangarawa suka zo daga Mali da addini. Wajen 1492 babban malami Almagili ya biyo ta Abzin ya sauka Kano, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Da fari Larabci zalla malamai suke rubutawa. Sannu a hankali suka ga cewa baƙin da ya rubuta Larabci zai iya rubuta maganar gida. Wannan shi ake kira ajami. Kalmar ta Larabawa ce, haka suke kiran duk harshen da ba nasu ba.

Kakanninmu ba su karɓi baƙaƙen nan kamar baƙi ba. Sun raɗa musu suna da Hausa, kowane bisa kamarsa. Duk wanda ya riƙe allo ya san ba guje, da kaf lasan, da ha kuri, da ɗa mai hannu. Ya san wasali bisa, da wasali ƙasa, da rufu'a, da ɗauri. Salon rubutun kuma na Magrib ne, wato na Larabawan yamma. Shi ya sa fa ɗinmu ɗigonta yake ƙasa, alhali a Masar da Makka sama ake sa shi.

Sai dai rigar aro ce, dole a yi mata gyara. Larabci wasali uku gare shi, Hausa kuwa biyar. Don a rubuta e, malamai suka ɗauko babban ɗigon nan da ake sawa ƙarƙashin baƙi cikin karatun Warshu. O kuwa ba ta samu nata ba, sai ta raba rufu'a da u. Saboda haka a hannun marubuta da yawa, kura da kora kamarsu ɗaya, sai ma'anar zance ta raba su. Larabci ba shi da c, sai aka ba ta wani baƙi mai ɗigo uku da Hausa ba ta bukata. Ba shi da ts, aka ƙara wa wani ɗigo. B da ɓ kuwa sau da yawa baƙi ɗaya ake musu, mai karatu ya zaɓa tsakanin bari da ɓari. Babu wata hukuma da ta tsai da ƙa'ida guda. Malamin Sakkwato da na Kano da na Damagaram, kowa da ɗan bambancinsa.

Lokacin da ajami ya yi ƙarfi sosai shi ne zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ku sani a ƙasarmu aka haife shi, a Maratta, cikin jihar Tawa ta yau, a 1754. Ya je har Agadas neman ilimi wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shehu ya rubuta littattafai da Larabci saboda malamai. Amma talakan da yake wa wa'azi ba ya jin Larabci. Don haka shi da ƴan'uwansa da ƴaƴansa suka riƙa tsara waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa, a rubuta da ajami, a hardace, a rera a kasuwa da bakin rijiya.

Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi abin da ya kamata mata masu karanta wannan shafi su sani. Ta zaɓi dattawan mata, ana ce musu jaji, ta ba kowace malafa alamar matsayi. Jaji takan jagoranci matan ƙauyensu su zo wurin Nana su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koya wa na gida. Ƴan taru ake kiransu. Karatun manya ke nan, shekara fiye da ɗari kafin a buɗe ofishin yaƙi da jahilci a Yamai.

Ba addini kaɗai ajami ya yi wa aiki ba. Fatake sun rubuta bashi da shi. Sarakuna sun aika wasiƙu. An rubuta magani, da asalin dangi, da rabon gado. Wanda yake zuwa cin kasuwa Najeriya ya duba takardar naira 200, ko 500, ko 1000, zai ga an rubuta adadin kuɗin da Hausa cikin ajami. An cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka yi ta gardama a kai.

Yaron Kance da ya je Ingila

Labarin boko ba ya cika sai an ambaci wani yaro ɗan ƙasar Damagaram. Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a wani ƙauye kusa da Kance. Yana ƙarami mahara suka kama shi, aka sayar da shi bawa a Barno. Wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya fanshe shi ya ƴanta shi. Da Overweg ya mutu, Dorugu ya bi abokinsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Tare suka ƙetare kogin Kwara a Sayi a 1853, suka je Tambutu suka komo. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai.

A Ingila akwai wani malamin mishan, shi ma Bajamushe, sunansa Schön. Ya daɗe yana son Hausa, har ya buga ɗan littafin kalmominta tun 1843, ko da yake bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da ya samu Dorugu, kamar mai ƙishirwa ne ya samu rijiya. Yaron ya zauna gidansa yana ba shi labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da yadda ake faɗin kaza da kaza, shi kuwa yana rubutawa da baƙaƙen Turawa. Daga nan littafin nahawun Hausa ya fito a 1862, ƙamus a 1876, sai littafin Magana Hausa a 1885. Sunan Schön ne bisa littattafan, amma Hausar da yawa daga bakin Dorugu ta fito. Ya komo Afirka, ya yi aikin tafinta, ya rasu a Kano a 1912.

Duk da haka, waɗannan littattafai na Turawa ne, Bahaushe bai san da su ba. Abin ya canza bayan Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Sun tarar da ajami ko'ina, har sun yi aiki da shi da fari wajen wasiƙa da sarakuna. Daga baya suka yanke shawarar a rubuta Hausa da baƙaƙensu. Dalili a fili yake: su ne masu mulki, kuma nasu suka iya karantawa. A 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa.

Mutane ba su yi maraba da abin ba. Sunan da suka ba shi ma ya nuna haka. An daɗe ana cewa kalmar boko daga sunan littafi da Ingilishi ta fito. Masana harshe sun bincika sun ga ba haka ba ne. Tsohuwar kalmar Hausa ce, ma'anarta abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Wato a idon mutanen wancan zamani, karatun allo shi ne karatu, wannan kuwa kwaikwayo.

Boko ma rigar aro ce, ita ma ta sha gyara. Turawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Da fari ɗigo ake sawa ƙarƙashin baƙin. Cikin shekarun 1930 aka tsai da masu lanƙwasa da kuke koyo yanzu. Kada ku raina ƴar lanƙwasar nan, ita ce tsakanin baki da baƙi. A 1933 aka yi gasar rubuta littattafan hira a Zariya, inda Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fitowa. Daga nan boko ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai inda ajami ya fi shi, gaskiya ce a faɗe ta. Boko ba ya nuna jan wasali. Garin da ake zama ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, rubutunsu ɗaya. A ajami kuwa an raba su, don na tuwo yana da alif. Shi kuma boko ya fi ajami wajen raba o da u, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce daga Yamai har Kano.

A ɓangarenmu na Nijar

Mu nan hanyarmu dabam ta bi. Faransawa ba su damu da rubuta harsunanmu ba. A lakkwal Faransanci kaɗai aka yarda a yi. Tsofaffin ƴan lakkwal suna tuna wani abu da ake rataya wa yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi maganar gidansu, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Sunayen garuruwanmu kuwa suka rubuta su yadda kunnensu ya ji, bisa ƙa'idar harshensu. Shi ya sa allon bakin hanya yake cewa Bonkoukou, mu kuwa muna rubuta Bonkuku. Tawa ta zama Tahoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, Kurfai ta zama Kourfey. Sabon mai karatu ya riƙe wannan, zai yi masa amfani ranar tafiya: inda suka sa ou, u ce. Inda suka sa tch, c ce. Inda suka sa dj, j ce.

Sai bayan samun mulkin kai a 1960 gwamnati ta waiwayi harsunan ƙasa. Cikin shekarun farko aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako, suka tsara baƙaƙen Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci da harshen Mandinka. Nijar ta bi tsarin Bamako, inda ake ninka wasali mai ja. Shi ya sa jaridun karkara na lokacin suke da sunaye irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii. Tsarin ya raba gari da gaari, amma ya raba mu da ƴan'uwanmu na Najeriya, littafin Zariya da na Yamai suka sha bamban. A 1980 aka yi taro a Yamai aka daidaita, aka bar ninka wasali. Ɗan abin da ya rage shi ne ƴ. Mu muna yi mata lanƙwasa, su suna sa ƴar alama gaban y.

Akwai wani abu da yake damun Bakurfaye in ya soma karatu. Shi yana cewa lahiya, littafi ya ce lafiya. Yana cewa hwari, littafi ya ce fari. Yana cewa biyat, littafi ya ce biyar. Ba kuskure yake yi ba. Hausar littafi bisa ta Kano aka gina ta, don a samu guda wadda kowa zai karanta. Ta Kurhwai tana nan da darajarta a baki.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro yake fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Makiyayan da suka sake rubutu sau da yawa

Kada ku zaci mu kaɗai muka yi aron baƙaƙe. Can gabas mai nisa, tsakanin Rasha da Sin, akwai ƙasar Mongoliya. Ta ɗan fi Nijar faɗi, ita ma ba ta da teku. Mutanenta makiyaya ne, masu dawaki da tumaki da awaki da shanu, da raƙuma masu tozo biyu. Sanyinsu yana daskarar da kogi. Malamanmu sun san su cikin littattafai da suna Tatar, su ne suka rushe Bagadaza a 1258.

Babban sarkinsu Cingis Han bai iya karatu ba, mutanensa ma haka. A 1204 ya ci wata ƙabila da yaƙi, aka kamo magatakardan sarkinsu, mai suna Tatatunga, yana rungume da hatimin ubangidansa. Cingis ya tambaye shi amfanin abin. Ya bayyana masa cewa da shi ake tabbatar da umarnin sarki, da shi ake karɓar haraji, kowa ya gani ya san ba ƙarya ba ce. Cingis bai kashe shi ba. Ya sa shi ya koya wa ƴaƴan sarauta rubuta harshen Mongol da baƙaƙen mutanensa, wato Uigur. Wannan rubutu daga sama yake sauka ƙasa, kamar igiyar guga cikin rijiya. Wata wasiƙa da wani sarkinsu ya aika wa sarkin Faransa da shi a 1289 tana nan ajiye a birnin Paris.

Abin mamaki, ciwonsa irin na ajaminmu ne. Baƙi ɗaya ne yake tsaya wa o da u. Baƙi ɗaya ne t da d. Sai wanda ya san harshen yake gane abin da ake nufi.

Jikan Cingis, Kubilai Han, ya mallaki ƙasar Sin. Ya so a samu rubutu ɗaya da zai ɗauki dukan harsunan daularsa. Ya sa wani malamin addininsu daga Tibet, mai suna Fagspa, ya tsara masa sababbin baƙaƙe masu kusurwa huɗu, aka yi shelarsu a 1269. Sun fi na da daidai, sun raba sautukan da na da ya haɗe. Amma a fada suka tsaya, bisa hatimi da kuɗi da takardun sarki. Jama'a suka ci gaba da wanda suka saba. Da sarautar gidan ta faɗi a 1368, rubutun ya bi ta. Shekara ɗari bai cika ba. Tifinar da babu sarkin da ya tsaya masa ya fi shi tsawon rai nesa ba kusa ba.

Littafin tarihinsu mafi daraja, wanda ya ba da labarin Cingis tun daga kakanninsa, na asalin ya ɓace. Abin da ya cece shi, wasu magatakardan Sin sun kwafe shi da baƙaƙensu, suna bin sautin kalmomin Mongol ɗaya bayan ɗaya, don koya wa tafintoci. Daga wannan kwafi masana suka maido da shi bayan ɗaruruwan shekaru. An kuma rubuta kalmomin Mongol da baƙaƙen Larabci cikin ƙamus na malaman Musulmi. Wato su ma sun taɓa ajami.

Ba su tsaya nan ba. A 1648 wani malami, Zaya Pandita, ya gyara tsohon rubutun don kowane sauti ya samu baƙinsa. A 1686 wani, Zanabazar, ya ƙago wani dabam, wanda alamarsa ta farko take bisa tutar ƙasar yau. Tsohon dai shi ya ci gaba da aiki, ko da yake magana ta yi gaba ta bar shi. Sunan babban birninsu, baki yana cewa Ulanbatar, alƙalami yana rubuta Ulagan Bagatur, yadda kakanni suke faɗi.

Babban canji ya zo zamanin da ƙasar take bin Tarayyar Sobiyat. An ɗan gwada baƙaƙe irin na boko. A 1941 gwamnati ta yanke a koma ga baƙaƙen Rasha, daga 1946 kuma su ne ko'ina. Karatu ya yaɗu ƙwarai, har cikin bukkokin makiyaya, don sabon rubutun yana bin yadda ake magana. Amma an biya kuɗinsa. Jika ya tashi ba ya iya karanta wasiƙar kakansa. Littattafan shekara 700 suka zama sai ƴan ƙalilan ke buɗe su. Ƴan'uwansu da ke cikin ƙasar Sin kuwa sun riƙe tsohon, sai ga harshe ɗaya, iyaka ta raba masa rubutu. Bayan 1990 aka maido da tsohon rubutu cikin makarantu. Daga farkon 2025 doka ta ce takardun gwamnati da rubutu biyu za a yi su, na Rasha da na kakanni.

Ga wani abu da zai ba ku mamaki. Ajami da boko da tsohon rubutun Mongol dangi ne. Dukansu daga baƙaƙen wasu fatake na bakin tekun Sham suka samo asali, shekara wajen 3000 da suka wuce. Wani reshe ya bi ta Girka da Rum ya zama boko. Wani ya zama Larabci. Wani ya bi ayarin fatake ya yi gabas har ya kai ga Uigur. Kuna iya gwada wannan da kanku. Ku tambayi malamin da ya san hisabi ya karanta muku abajada. Zai fara da alif da ba, kamar a da b. In ya kai tsakiya zai ce kalamana. Ku duba allonku: k, l, m, n, ga su nan jere.

Takardun da ke cikin gafaka

Abin da ya samu jikokin Mongol yana iya samunmu. Malami yana rubuta wasiƙa da ajami, yana karanta Alƙur'ani da littattafan fiƙihu, amma in an zo ƙidaya sai a sa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Wannan ba daidai ba ne. Shi ma kuma ranar awo a kungiyar manoma, ko ranar sa hannu bisa takardar gona, yana bukatar boko, don da shi aka rubuta nauyin dankalinsa da iyakar filinsa. Malaman karatun manya sun san wanda ya riƙe allo yakan riga saura gane boko, tun da ya riga ya san baƙi da wasali. Ba sai an ajiye ɗaya ake ɗaukar ɗaya ba.

Marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasa har 1974, ya sa an bi gari gari ana tattara tsofaffin takardu. Yau suna ajiye a cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, wajen 4000, na Larabci da na ajami, cikin Hausa da Fulatanci da sauran harsunanmu. Waɗanda ba a tattara ba suna cikin gidaje, cikin gafaka da tsofaffin akwatuna, inda gara da ɗigar damina suke cin rabonsu.

In akwai irinsu a gidanku, ku ɗaga su daga ƙasa, ku naɗe cikin ƙyalle busasshe, ku nisanta su da bango mai laima. Kada ku liƙe wadda ta yage da ƙaro. Ku nemi malamin da yake iya karanta hannun, tun yana da ido, ya karanta a hankali, wani daga cikinku ya bi shi yana rubutawa da boko cikin littafinsa. In an gama, mai kwafi ya sa sunan mai takardar, da garinsa, da shekarar da aka kwafa, a ƙarshen shafi, yadda malaman dauri suke yi.